Allurar kashe ciwo ga dabbar da ungulu ko zaki za su iya cin namanta: meloxicam, tolfenamic, flunixin, ketoprofen ko diclofenac?

Mai shagon maganin dabbobi a bakin kara, da likitan da ke duba shanun da ke kiwo a gefen gandun daji, da ma'aikacin gidan namun daji, tambaya ɗaya ke gabansu duk ranar da aka kawo dabba mai zazzaɓi, kumburi ko ɗingishi: ga allurar kashe ciwo iri huɗu ko biyar a kan kanta, wacce za a zuƙa? Galibi farashi ne ke raba gardama. Sai dai dabbar da ciwo ya kai ta ga allura ita ce ta fi kusa da faɗuwa, kuma in ta mutu a daji kafin wuƙa ta riske ta, maganin da ya taru a hantarta da ƙodarta zai koma cikin ungulu, maiki, gaggafa, kura da dila. A gidan namun daji hanyar ta fi gajarta, domin da hannu ake miƙa wa zaki da damisa naman dabbar da aka saya da arha saboda ba ta da lafiya.

Magungunan nan biyar dangi ɗaya ne. Duk suna sauke zafin jiki, kumburi da raɗaɗi ta hanyar hana jiki yin sinadaran prostaglandin, masu tayar da zafi da kumburi. A jikin saniya tazarar da ke tsakaninsu ba ta da yawa. A jikin ungulu, wani ba ya yin komai, wani kuma yana kashewa cikin kwana biyu.

Abin da ya faru a Indiya

Daga 1992 zuwa 2007, ungulu mai farin baya ta Indiya ta ragu da kashi 99.9 cikin 100, wasu nau'i biyu kuma suka ragu da kusan kashi 97. An daɗe ana zargin annoba, sai a 2004 binciken da aka yi a Pakistan ya tabbatar cewa diclofenac ne, wanda ake yi wa shanu da ɓauna. Abin da ke kashe ungulu ɗaya bai wuce 0.1 zuwa 0.2 mg a kowane kilo na nauyinta ba. Ƙodarta ke tsayawa, sinadarin yurik asid, dattin da ƙoda ke fitarwa daga jikin tsuntsu, ya taru a jini, ya daskare a kan hanta da zuciya. Lissafin masu bincike ya nuna cewa ko da mushe ɗaya ne cikin 130, kai ko ɗaya cikin 760, ke ɗauke da maganin da yawan da zai yi kisa, hakan ya isa ya jawo raguwar da aka gani. Da aka gwada hantar mushen dabbobi a 2004 da 2005, kusan ɗaya cikin goma na ɗauke da shi. Dalilin da ƙaramin adadi ke yin babbar ɓarna a fili yake: mushe ɗaya na tara tsuntsaye da dama, ungulu kuma ƙwai ɗaya take yi a shekara, ɗanta sai ya kai kamar shekara biyar kafin ya fara haihuwa.

Indiya, Pakistan da Nepal sun hana diclofenac na dabbobi a 2006, Bangladesh ta bi baya a 2010. Da aka ga mutane sun koma sayen manyan kwalabe na asibitin mutane suna yi wa shanu, sai Indiya ta ƙayyade kwalbar mutane zuwa 3 ml a 2015.

Zancen ya shafe mu kai tsaye. An gwada diclofenac a kan ungulu mai farin baya ta Afirka a Afirka ta Kudu, ta mutu kamar yadda 'yar'uwarta ta Indiya ta mutu. Ita da maikin da ke sheƙa a duwatsu da bishiyoyin Nijar, Chadi da arewacin Kamaru duk jinsin Gyps ne, wato dangin manyan ungulayen da suka ragu a Indiya. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa su biyun, tare da ƙaramar ungulun nan da a da ke cika mahautanmu da kasuwanni, cikin jerin masu dab da ƙarewa. A ƙasar Hausa manyan abubuwan da suka cinye su farauta ce don kasuwar tsibbu da gubar da ake zuba wa mushe, amma ragowar da ke wurare irin su Yankari, Gadabeji da gandun W na kan iyakar Nijar, Benin da Burkina Faso ba su da yawan da za su ɗauki wata asarar a kan wadda ake ciki.

Ma'aunan zaɓe

Na farko shi ne inda gawar za ta ƙare in jinya ba ta yi ba. Dabbar da ke ɗaure a gida, wadda za a iya binnewa, daban take da wadda ke tafiya mashekari ko ke kwana a daji.

Na biyu, tsawon aikin allura ɗaya. Ga saniyar gida wannan batun wahala ne da kuɗin mota. Ga barewa, gwanki ko zaki, kowane kamu sai an sa maganin barci ko an danne, kuma kamun kansa na iya kashewa.

Na uku, kuɗin jinyar gaba ɗaya. Kuɗin kwalba yana ruɗi, domin ƙarfin magani a kowane ml ya bambanta ƙwarai. A raba kuɗin kwalbar da yawan dabbobin da za ta yi wa jinyar kwana uku, wannan ne farashin gaskiya.

Sai sauƙin bayarwa, wato ta jijiya, cikin tsoka ko ƙarƙashin fata, da kuma kwanakin jira kafin a yanka ko a sha nono.

Haɗarin da ke kan dabbar kanta bai raba su sosai ba, don haka a faɗe shi sau ɗaya. Duk biyar ɗin na iya lalata ƙodar dabbar da ruwan jikinta ya ƙare, abin da ya yi yawa a ƙarshen rani da kuma ga maraƙi mai zawo. A fara shayar da ita ko a yi mata ƙarin ruwa. Ba a haɗa biyu daga cikinsu, ba a haɗa ɗaya da dexamethasone, wani maganin kumburi, saboda haɗin na jawo gyambon ciki, kuma a kiyaye haɗa su da gentamicin, maganin ƙwayoyin cuta wanda shi ma ƙoda yake taɓawa.

Lissafin da ke ƙasa an gina shi ne a kan saniya mai kilo 300, kamar matsakaiciyar Bunaji. In babu sikeli, a auna kewayen ƙirji daidai bayan ƙafafun gaba da santimita, a ninka shi da kansa, a ninka da tsawon jiki daga kan kafaɗa zuwa ƙashin gindin wutsiya, sannan a raba da 10,840. Kimanta nauyi da ido shi ne mafarin yawancin allurar da ta wuce kima.

Meloxicam

Shi ne aka fi gwadawa a kan tsuntsaye masu cin mushe. A 2006 da 2007 an ba ungulayen Afirka da na Indiya shi da yawan da ya zarce abin da za su taɓa samu a mushe, an kuma ciyar da su naman shanun da aka yi wa allurarsa, babu wadda ta mutu, yurik asid ɗinsu bai hau ba. Wani bincike da ya tattara bayanan likitocin gidajen namun daji ya samu an yi wa tsuntsaye sama da 700 daga nau'i 60 jinya da shi ba tare da mutuwa ba. Sirrin yana cikin saurin fita: a jikin ungulu rabinsa na barin jini cikin ƙasa da awa ɗaya, alhali diclofenac na ɗaukar sama da awa 12.

A jikin saniya kuwa ya fi sauran daɗewa, rabinsa na ɗaukar fiye da yini guda kafin ya fita, shi ya sa allura ɗaya ke riƙe ta kwana biyu zuwa uku. Awonsa 0.5 mg a kowane kilo, ƙarƙashin fata ko ta jijiya. A nan ne ake yawan kuskure, domin ƙarfi biyu ke yawo a kasuwa. Mai 20 mg a kowane ml ana ba da 2.5 ml ga kilo 100, wato 7.5 ml ga saniyarmu, kuma kwalbar 100 ml za ta yi wa shanu 13. Mai 5 mg a kowane ml sai an ba da 10 ml ga kilo 100, wato 30 ml, kwalbar ta tsaya a shanu uku. Wanda ya saba da mai ƙarfin ya ɗauki mai raunin da awo ɗaya zai ba da rubu'in abin da ake buƙata, ya ce maganin ba ya aiki. Wanda ya yi akasin haka ya ninka sau huɗu. In allurar ta wuce 10 ml a raba ta wuri biyu ko uku a wuya. Wasu masu arha suna da zafi a wurin tsira, dabba ta yi ta harbi, wannan daga haɗin ruwan kamfanin ne.

Doki 0.6 mg a kilo ta jijiya. Tumaki da awaki ana kai su 1 mg a kilo. Akwai kuma ƙwayar 15 mg da ake samu a kemis, wadda likitoci ke ba maruƙa ta baki a kan 1 mg a kilo, ƙwaya huɗu ga maraƙi mai kilo 60.

Ga namun daji da kansu, shi ne maganin ciwon da ya kamata ya zauna a akwatin likita. Shaho, shirwa, gaggafa da ungulu ana ba su 0.5 zuwa 1 mg a kilo, sau ɗaya ko biyu a rana. Barewa da danginta ana bin awon shanu. Zaki da damisa su ne abin kula: 0.1 zuwa 0.2 mg a kilo a ranar farko, sannan a sauko zuwa 0.05 ko 0.1, a cusa cikin ɗan guntun nama a ba shi kafin babban abinci, na 'yan kwanaki kawai. Tsofaffin zakunan keji sun cika ciwon ƙoda, don haka in da hali a ɗebi jini a duba kafin a fara.

Rauninsa kwanakin jira ne. A takardar mai 20 mg ta Turai, kwana 15 kafin yanka, kwana 5 kafin shan nono. Ga matar da nonon kasuwa ke ciyar da gidanta, kwana biyar asara ce ta gaske. A kuma lura da kwalaben da aka haɗa meloxicam da paracetamol. Shaidar kariya ga ungulu ta meloxicam ce shi kaɗai, paracetamol kuma guba ne ga dangin kyanwa, har da zaki, da kuma macizai. A tsibirin Guam da shi ake kashe macizan bishiya, ana cusa 80 mg cikin mataccen ɓera.

Tolfenamic asid

Shi ne na biyu da aka amince da shi ga ungulu, bayan gwaje-gwajen da aka yi a Indiya aka bayyana sakamakonsu wajen 2021. A yawan da tsuntsu zai iya samu daga mushe ana ganin ba shi da illa, amma a gwajin an samu 'yan ƙalilan da suka mutu, don haka faɗin kariyarsa bai kai na meloxicam ba. Ga saniyar da za ta iya zama mushe ya wadatar. Ga jinyar ungulu da kanta, a tsaya kan meloxicam.

Mai ƙarfin kashi 4, wato 40 mg a ml, ana yin sa cikin tsokar wuya a kan 2 mg a kilo, 1 ml ga kowane kilo 20. Saniyarmu 15 ml, a maimaita bayan awa 48 in da buƙata, jimilla 30 ml. Ga ciwon hantsa mai zafi ana ba da 4 mg a kilo ta jijiya sau ɗaya, a hankali. Fa'idarsa babba tana wajen nono, domin jiran da ke takardarsa gajere ne, daga babu zuwa yini guda gwargwadon hanyar da aka bi. Wanda aka yi cikin tsoka jiran namansa ya kai kamar kwana 12. Matsalarsa samuwa ce. Ba kowane shago ke ajiye shi ba, sau da yawa sai an yi oda daga manyan dillalai a birni.

Flunixin

Magani ne mai ƙarfi, kuma akwai inda ya fi sauran: ciwon cikin doki, da dabbar da guba daga ƙwayoyin cuta ta shiga jininta, kamar mummunan ciwon hantsa. Ƙarfinsa 50 mg a ml. Saniya 2.2 mg a kilo, wato 2 ml ga kilo 45, kimanin 13 ml ga kilo 300, kullum har kwana uku, kusan 40 ml ke nan. Doki rabin haka, 1.1 mg a kilo.

Ta jijiya ake yin sa. Cikin tsoka yana ƙona nama, yana barin ragowa mai daɗewa a wurin, ga doki kuma yana iya buɗe ƙofa ga ƙwayar Clostridium ta ruɓar da tsokar wuya har ta kashe shi. Wanda bai iya samun jijiyar wuya ba, wannan ba maganinsa ba ne. A guje shi kuma dab da haihuwar saniya, domin yana ƙara yiwuwar mahaifa ta maƙale. Ta jijiya jiransa gajere ne, a takardar Amurka kwana 4 ga nama, awa 36 ga nono.

Ga ungulu yana cikin masu kisa. A binciken nan na gidajen namun daji, tsuntsaye 7 cikin 23 da aka yi wa jinya da shi sun mutu. A 2012 an tsinci gawar ungulun daji a kudancin Sifaniya da flunixin a hanta da ƙoda, kayan cikinta fari fat da yurik asid. Ya fi meloxicam na kamfanonin Indiya da Sin tsada a kowace jinya, domin sai an maimaita kullum.

Ketoprofen

Abin da ke jan masu shanun nono gare shi shi ne babu jiran nono a takardarsa, na nama kuma kwana ɗaya zuwa huɗu. Mai kashi 10, wato 100 mg a ml, ana ba da 3 mg a kilo, 3 ml ga kilo 100, cikin tsoka ko ta jijiya. Saniyarmu 9 ml kullum, 27 ml a kwana uku. Yana aiki da kyau a kan ɗingishi, amma yana fita daga jini da sauri, sai an kama dabbar kowace rana.

Wasu na kafa hujja da saurin fitarsa, wai ba zai daɗe a mushe ba. Hujjar ta fi ƙarfi ga lafiyayyar saniya. Wadda ke gargara hantarta da ƙodarta sun riga sun rage aiki, ta kuma fi yiwuwar mutuwa awanni kaɗan bayan allurar, ga ragowar da ke kwance a tsokar da aka tsira. A gwajin Afirka ta Kudu da aka wallafa a 2010, ungulayen Gyps sun mutu a kan 1.5 da kuma 5 mg a kilo, adadin da za su iya samu daga irin wannan mushen. Bangladesh ta hana shi ga dabbobi a 2021, Indiya a 2023.

Diclofenac da 'yan'uwansa

Arha da samuwa su ne duk abin da yake da shi. Kowane kemis na da 'yar kwalbar mutane mai 75 mg a 3 ml, kuma akwai na dabbobi a manyan kwalabe. Amma a yi lissafi. Awon shanu a takardun kamfanoni yana tsakanin 1 da 2.5 mg a kilo. A mafi ƙanƙanta, saniyarmu na buƙatar 300 mg, kwalba huɗu kullum, sha biyu a kwana uku. A mafi girma kwalba goma ce kullum. In aka jera wannan kusa da 7.5 ml na meloxicam sau ɗaya, arhar ta ragu ƙwarai, wani lokaci ta ɓace. Wanda ke tsira wa babbar saniya kwalba ɗaya tak rubu'in mafi ƙanƙantar awo kawai ya ba ta, ciwon bai tafi ba, amma ya bar wa ungulu guba a wurin tsirar. Kwalbar mutane kuma ba ta ɗauke da kwanakin jiran nama ko nono.

Wurin da ya fi ɓuya shi ne cikin haɗe-haɗe. Akwai oxytetracycline mai dogon aiki da aka zuba wa diclofenac, mai saye yana ganin maganin ƙwayoyin cuta kawai ya saya. Haka ake haɗa oxytetracycline ko florfenicol da flunixin, da ceftiofur da ketoprofen. A juya kwalba a karanta jerin sinadaran da ke baya kafin a biya.

Aceclofenac suna ne kawai ya bambanta, domin da zarar ya shiga jikin saniya yake rikiɗewa ya koma diclofenac. Indiya ta hana shi tare da ketoprofen a 2023, ta kuma hana nimesulide ga dabbobi a ƙarshen 2024 bayan gwaji ya nuna yana kashe ungulu. Carprofen ma an samu mutuwa da shi, 5 cikin tsuntsaye 40 a binciken da aka ambata. Phenylbutazone, wanda masu dawaki suka saba da shi, ya nuna alamun illa a jikin ungulu, kuma tun asali ba na dabbar da za a ci ba ne. Haɗarin bai tsaya kan jinsin Gyps ba: an samu gaggafar da diclofenac ya kashe a Indiya, a 2020 kuma ya kashe baƙar ungulu a Sifaniya, ƙasar da ta ba shi lasisin dabbobi a 2013.

| Magani | Awo ga saniya | Jimilla ga kilo 300, kwana 3 | Hanya | Jiran nama da nono | Kuɗin jinya | Ga ungulu |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Meloxicam 20 mg/ml | 0.5 mg/kg | 7.5 ml, sau ɗaya | ƙarƙashin fata ko jijiya | kwana 15, kwana 5 | ƙasa zuwa matsakaici | an tabbatar ba ya illa |
| Tolfenamic 40 mg/ml | 2 mg/kg | 30 ml, sau biyu | tsoka, jijiya ga hantsa | har kwana 12, nono yini guda ko ƙasa | matsakaici, wuyar samu | ana ganin ba ya illa a yawan da ke cikin mushe |
| Flunixin 50 mg/ml | 2.2 mg/kg | kusan 40 ml, sau uku | jijiya kawai | kwana 4, awa 36 | sama | yana kisa |
| Ketoprofen 100 mg/ml | 3 mg/kg | 27 ml, sau uku | tsoka ko jijiya | kwana 1 zuwa 4, babu | matsakaici | yana kisa |
| Diclofenac 25 mg/ml | 1 zuwa 2.5 mg/kg | 36 zuwa 90 ml, sau uku | tsoka | babu a kwalbar mutane | ƙasa a kwalba | mafi kisa |

Kwanakin jira na canzawa daga kamfani zuwa kamfani, abin da ke jikin kwalbar da ke hannu shi ake bi. Wajen ajiya duk ɗaya suke: inuwa, nesa da zafin mota da rufin kwano, kuma kwalbar da aka huda a rubuta mata ranar, a gama da ita cikin kwana 28. A Najeriya a duba lambar NAFDAC.

In an tarar da tsuntsu ya ci guba

Sanin irin gubar ne ke nuna abin da za a yi, kuma wurin da aka tsinci tsuntsun na ba da rabin amsar.

Gubar gona irin carbofuran, da dangin organophosphate kamar dichlorvos, suna kayar da tsuntsaye nan take, a kusa da mushen, da yawa a wuri ɗaya, jakar abincin wuyansu cike. Za a ga dalala, karkarwa, shanyewar ƙafafu, har matattun ƙudaje a kan naman. Irin wannan ce ta kashe ungulaye 537 a Botswana a 2019, da sama da 2,000 a Gini Bisau a 2020. Akwai makari: atropine 0.2 zuwa 0.5 mg a kilo cikin tsokar ƙirji, a maimaita bayan awa uku zuwa huɗu in alamun sun dawo. A sa safar hannu, a sunkuyar da kan tsuntsun a matso naman da ke wuyansa, a ba shi garin gawayi na asibiti giram 1 zuwa 2 a kilo in yana iya haɗiya, a ajiye shi a inuwa mai duhu. Kada a ɗura wa wanda ya suma komai ta baki, zai shaƙe.

Diclofenac da danginsa ba sa nuna kansu haka. Tsuntsun zai ci ya tashi lafiya, sai bayan kamar yini guda ya yi lakwas, wuya ya saki, kai ya rataye, ya mutu cikin awa 48 a kan bishiyar kwana, nesa da mushen. Ɗaya nan, ɗaya can, shi ya sa aka yi shekaru ba a gane ba. Babu makari. Ƙarin ruwa ƙarƙashin fata shi ne abin da za a iya, kuma da wuya ya ceto wanda alamun suka riga suka bayyana a kansa. In aka buɗe gawar za a ga farin abu kamar an barbaɗa alli a kan hanta, jakar zuciya da ƙoda. A yanki hanta da ƙoda, kowanne a leda dabam, a rubuta rana da wuri, a sa a firiza don gwaji.

Ta uku ita ce pentobarbital, allurar da ake kashe dabbar da ba ta da sauran magani da ita. Tana daɗewa a gawa ƙwarai, ta kashe gaggafa a Amurka, ta kuma kashe manyan namun daji a gidajen da aka ciyar da su naman. Wanda ya ci zai yi tangaɗi, ya yi barci mai nauyi, numfashi ya ragu har a zaci ya mutu. Da ɗumi, ƙarin ruwa da fitar da abin da ya ci, da yawa suna farfaɗowa.

Wanne ga wa

Garken da ke kiwo a daji, ko kusa da gandun da ke da ungulu da maiki, ko ke kan hanyar mashekari: meloxicam mai 20 mg a ml. Allura ɗaya, kamu ɗaya, kuma in dabbar ta faɗi inda ba a iya binne ta babu abin fargaba daga maganin.

Saniyar tatsa da ba a so a zubar da nononta kwana biyar: tolfenamic asid. In bai samu ba aka koma ketoprofen, sai dabbar ta kasance a ɗaure a gida, mai ita kuma ya yarda tun kafin allura cewa in ta mutu za a binne ta.

Doki mai ciwon ciki, ko saniyar da gubar ƙwayoyin cuta ta kayar: flunixin ta jijiya, a hannun wanda ya iya, da wannan sharaɗin na binnewa. Ramin ya kai zurfin da ƙasa mita ɗaya ko fiye za ta hau kan gawar, a jibga ƙaya da duwatsu saboda kura da karnuka, a yi shi a ranar, domin ungulu ba ta jira gobe. In ba a iya haƙa ba a ƙone. Kwana biyun farko bayan allura su ne mafi haɗari, amma a bi wannan ƙa'ida ga duk wadda ta mutu cikin mako guda.

Tsuntsun daji da ya ji rauni, ko barewa, ko zaki a keji: meloxicam shi kaɗai, ba mai haɗi da paracetamol ba, bayan an tabbatar ruwan jiki ya wadata.

Mai sayen nama don gidan namun daji: a tambayi abin da aka yi wa dabbar da ranar da aka yi, a duba wuya da cinya ko akwai kumburin allura. Wadda ba a san tarihinta ba kada a ba tsuntsaye masu cin mushe ita, musamman hanta, ƙoda da wurin tsira. Wadda aka kashe da pentobarbital ba ta shiga kejin kowa.

Mai shago: a ajiye meloxicam mai ƙarfi ɗaya tak don kada masu saye su rikita awo, a rubuta 2.5 ml ga kilo 100 a jikin kwalin da alƙalami mai kauri, a nemi oxytetracycline wanda ba a haɗa da diclofenac ba, kuma in makiyayi ya nemi kwalbar mutane don saniya a yi masa lissafin kwalba sha biyu a gabansa kafin a nuna masa meloxicam.